Na'urar Manne Mai Auna Sukari Dare da Rana: Abin da Kwana 14 Suka Nuna Mini Game da Hauhawar Sukarin Asuba

Wata bakwai cur na yi ina dawowa daga sallar asuba, in wanke hannu, in huda yatsa, in ɗiga jini a kan tsinken gwaji, in ga lambar da ba ta sauka ƙasa da 190, wani lokaci ma ta haura 230. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da rana sukarina yana tafiya daidai gwargwado, kuma idan na auna kafin kwanciya nakan same shi tsakanin 140 da 160, amma gari na wayewa sai in tarar ya yi sama. Ma'aunin da likitoci suka fi bi ga yawancin manya masu ciwon sukari shi ne mutum ya wayi gari tsakanin 80 da 130 mg/dL, wato 4.4 zuwa 7.2 ga wanda na'urarsa ke lissafi da mmol/L, saboda haka ratar da ke tsakanina da inda ake so ba ƙarama ba ce.

Shekara 12 ke nan ina tare da ciwon sukari nau'i na biyu a nan Birnin Kebbi, uku daga ciki a kan allurar insulin mai gauraye, wanda kashi 30 ɗinsa mai saurin aiki ne, kashi 70 kuma mai jan lokaci. Ina yin yunit 22 kafin karin kumallo, yunit 14 kuma bayan magariba kafin tuwon dare. Da na gaji da ganin wannan lamba, sai na yi abin da na san mutane da yawa a cikinmu suna yi ba tare da sun faɗa wa kowa ba: na ƙara allurar yamma da kaina, daga 14 zuwa 16, daga baya zuwa 18. Lambar safiya ba ta gyaru ba, sai ma ta ƙara hawa a wasu ranakun. Wannan ne ya sa likitana ya ba ni shawarar in nemi na'urar da ake mannawa a hannu, ko da sau ɗaya ne, domin mu ga abin da ke faruwa a sa'o'in da nake barci.

Kamfanoni da dama suna ƙera irinta. Akwai FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, wadda aka fara sayarwa a Turai a 2014, akwai ta Dexcom, akwai kuma wasu da ake shigowa da su daga ƙasar Sin. Tsarin aikinsu kusan ɗaya ne, kuma abin da zan faɗa a nan ya shafi wadda na ɗaura ne, mai kwana 14. Ban same ta a ajiye a kantin magani ba, sai da mai harhaɗa magani ya yi mini oda daga Abuja, ta iso bayan kwana huɗu. Na ji daɗi da na ga ya sa an kawo ta cikin kula maimakon a jefa ta bayan mota, domin watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan kan wuce digiri 40, ga shi an rubuta a jikin kwalin cewa kada a ajiye ta a wuri mai zafi. Kuɗinta ya yi kusa da na buhun shinkafa, kuma duk mai iyali a Kebbi ya san abin da wannan ke nufi.

Ita kanta na'urar fara ce, zagayayya, ba ta fi girman kwandala ba. Tana zuwa da wani abin dannawa mai kama da tambarin ofis, wanda ake ɗorawa a bayan damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Uwargida ce ta ɗaura mini, bayan ta goge wurin da audugar da ke cikin kwalin ta bari ya bushe. Hannunta yana rawa ta ce, "Malam, ka tabbata allurar ba za ta karye a ciki ba?" Na nuna mata hoton da ke takardar bayani, cewa allurar tana shiga ne ta fito nan take, abin da take bari a ƙarƙashin fata wani ɗan siririn zare ne mai laushi kamar gashi. Ta danna, muka ji ƙwas, kuma zafin bai kai na huda yatsa ba. Bayan awa ɗaya lamba ta farko ta fito a manhajar wayata, daga nan kuma sai layi ya fara zana kansa, yana hawa yana sauka, dare da rana.

A dare na biyu ne na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Bayan tuwon shinkafa layin ya hau zuwa 210 wajen ƙarfe 8:30, ya sauko 150 lokacin kwanciya, wanda shi ne kaɗai abin da na saba gani da tsinken gwaji. Amma bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da gangarawa a hankali har ya kai 61 da ƙarfe 1:20 na dare, sannan ya miƙe tsaye kamar an ja shi da igiya zuwa 185 cikin ƙasa da awa ɗaya, ya ɗan lafa, daga ƙarfe 4 kuma ya sake ɗaukar hawa har 225 lokacin da na dawo daga masallaci. Na daɗe ina kallon wannan miƙewa ta tsakar dare ban gane dalilinta ba, sai uwargida ta leƙo ta ce, "Ai lokacin da ka tashi shan fura ne." Gaskiya ta faɗa. Makonni ke nan ina farkawa tsakar dare jiƙe da gumi, zuciya na bugawa, ga wata irin yunwa mai sa hannu karkarwa, in lallaɓa inda ake ajiye sauran furar yamma kusa da randa, in shanye kofi guda da sukarinta, in koma barci. Gumin na ɗora wa zafin bazara da rashin wutar lantarki, furar kuma ban taɓa rubuta ta a littafin da nake kai wa likita ba, domin ban ɗauke ta a matsayin abinci ba. Ashe sukarina ne yake faɗuwa ƙasa da 70, iyakar da ake kira faɗuwar sukari, kuma ƙarin yunit huɗun da na yi wa kaina shi ne yake tura ni can. Garin neman gira na kusa rasa ido, domin faɗuwar sukari cikin barci tana iya kai mutum ga suma ko farfaɗiya alhali kowa a gidan yana barci.

Washegari na kai wa likita wayar. Ya duba zanen, ya ɗago ya ce, "Baba, wa ya ce ka ƙara?" Na ce, "Likita, babu kowa, lambar ce ta tsorata ni." Bai yi faɗa ba, sai ya mayar da ni yunit 14 a wannan daren, ya ce mu bar na'urar ta nuna mana sauran labarin.

Sauran labarin kuwa shi ne ya fi ƙaruwa da ni, kuma saboda shi nake ganin kuɗin bai tafi a banza ba. A darare biyar da suka biyo baya sukarin bai faɗi ba, ban tashi ba, ban sha komai ba. Yakan kwanta tsakanin 110 da 125 daga tsakar dare har wajen ƙarfe 3:30, amma duk da haka daga ƙarfe 4 sai ya fara hawa a hankali, ba tare da ko ƙwayar gero ta shiga bakina ba, har ya kai 175 ko 185 tun hantsi bai yi ba. Likita ya bayyana mini cewa wannan shi ne abin da masana suke kira tashin asuba, sunan da aka fara amfani da shi a rubuce-rubucen likitanci a 1981. A ƙarshen dare jikin kowane ɗan Adam yana sakin wasu sinadarai, musamman sinadarin girma da kotisol, tare da gulukagon da adirenalin, waɗanda suke umartar hanta ta zuba sukarin da ta adana cikin jini domin mutum ya sami ƙarfin tashi, kuma suna rage wa insulin tasiri a wannan lokaci. Mai lafiya jikinsa yakan ƙara sakin insulin nan take ya daidaita abin, ba ya ma sanin an yi. Mu kuwa da muka dogara da allura, jikinmu ba ya iya ƙara sakin insulin da zai isa, sai dai abin da muka zuba tun magariba. Takardar da ke cikin kwalin insulin mai gauraye ta nuna cewa ƙarfinsa yana kai ƙololuwa ne tsakanin awa 2 zuwa 8 bayan allura, saboda haka wanda ya yi allura ƙarfe 7 na yamma, maganin yana kan ganiyarsa ne da tsakar dare lokacin da jiki ya fi ƙarancin buƙatarsa, kuma ya fara rauni daidai lokacin da hanta take buɗe rumbunta. Ƙara yawan allurar bai matsar da wannan ganiya zuwa asuba ba, zurfafa ramin tsakar dare kawai ya yi.

Akwai wani tsohon bayani da na taɓa ji, wanda ake dangantawa da Michael Somogyi, masanin sinadarai ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a birnin St. Louis na Amurka. A shekarun 1930 ya kawo ra'ayin cewa idan sukari ya faɗi cikin dare, jiki da kansa yakan mayar da martani ya cilla shi sama kafin safiya. Na tambayi likita ko shi ne abin da ya same ni. Ya ce tun da irin waɗannan na'urori suka bazu, an ga cewa wannan martani ba ya yawan faruwa kamar yadda aka zata a da, kuma sau da yawa abin da ke bin faɗuwar dare shi ne safiya mai ƙarancin sukari, sai dai idan mutum ya tashi ya ci abin da ya wuce kima. Zanen nawa ya goyi bayansa, domin miƙewar ta fara ne daidai minti goma sha biyar bayan kofin fura. Ya koya mini cewa idan sukari ya sauka ƙasa da 70, giram 15 na sukari ya wadatar, kimanin babban cokali ɗaya a narka a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15 a sake aunawa, a maimaita idan bai hau ba. Kofin fura mai kauri da sukari ya ninka wannan sau da yawa.

Gyaran da aka yi mini bai ƙunshi ƙarin magani ba, sauyin lokaci ne. Likita ya raba allurar yamma gida biyu: insulin mai saurin aiki, wanda yake garau kamar ruwa, kafin tuwon dare, sannan mai jan lokaci, wanda yake fari kamar tsinkakken nono kuma sai an mirgina shi a tafin hannu ya gauraya, da ƙarfe 10 lokacin kwanciya. Ta haka ganiyarsa ta matso kusa da asuba. Ya ambaci gilajin, insulin da ke aiki kusan awa 24 ba tare da ƙololuwa mai tsini ba, a matsayin mataki na gaba idan wannan bai isa ba, amma ya fi tsada. Wannan tsari nawa ne, bisa zanen jikina, kuma ina roƙon duk mai karatu kada ya kwafe shi ba tare da likitansa ba, domin wanda matsalarsa tuwon dare ne mai yawa, ko tsire da balangu bayan isha'i waɗanda maiƙonsu ke jinkirta hawan sukari har tsakar dare, maganinsa daban ne. A kwanaki biyar na ƙarshe na na'urar, lambar safiyata ta dawo tsakanin 118 da 140. Na kuma ga da idona bambancin malmala biyu ta tuwon shinkafa da malmala ɗaya mai yawan miyar kuka da kifi da kwaɗon zogale, na ga yadda tafiyar minti 20 bayan isha'i take lanƙwasa kan layin. An sha faɗa mini waɗannan abubuwa a asibiti, amma gani ya kori ji.

Na'urar tana da aibobinta, kuma wanda zai fitar da kuɗin buhun shinkafa ya cancanci ya san su. Na farko, ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, wanda yake biyo bayan jini da 'yan mintuna, har zuwa 15 idan sukari yana saurin hawa ko sauka. A ranar farko lambobinta sun yi ta saɓawa da na yatsa da kusan 25, sai a rana ta biyu suka daidaita. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci ga mai binciken dare, idan mutum ya kwanta a kan hannun da take, nauyin jiki yakan matse wurin ta ba da faɗuwar ƙarya. A dare na takwas ƙararrawa ta tashe ni da ƙarfe 2:40 tana nuna 54, alhali ba gumi ba karkarwa. Na huda yatsa na ga 104. Da na sha sukari bisa maganarta kawai, da na ɓata safiyar, kuma da likita ya ga wannan rami a zanen ba tare da bayanina ba, da ya ɗauka gyaran nasa ne ya yi yawa. Saboda haka ƙaramar na'urar huda yatsa ba ta zama tsohon yayi ba, wurinta yana nan kusa da matashin kai.

Sai batun gumi. Gam ɗin da ke riƙe ta ba a yi shi da bazarar Kebbi a zuciya ba. A rana ta tara gefe ɗaya ya fara ɗagowa, sai da na kewaye shi da filasta, ina kuma kaffa-kaffa wajen tuɓe riga da wucewa ta bakin ƙofa, domin idan ta fita ba a mayar da ita, kuɗin ya tafi ke nan. Ruwan wanka bai dame ta ba, kuma da yake tana sama da gwiwar hannu ba ta shiga wurin alwala. Game da wankan tsarki na tambayi malamin unguwarmu, ya ce in shafa a kanta kamar yadda ake shafa a kan ɗaurin rauni, kuma ya kyautu kowa ya tambayi malaminsa. Bayan na cire ta, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi har kwana biyu. Haka nan ba kowace waya ce take karɓar manhajar ba, don haka a gwada saukar da ita tun kafin a biya kuɗi, a duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwalin.

Wani abin da ba a rubuta a takardar bayani ba shi ne yadda take mamaye tunani. A kwanakin farko nakan duba waya fiye da sau 40 a yini, har a tsakiyar hira da baƙi, kuma duk lokacin da kibiyar da ke manhajar ta nuna sama, alamar sukari yana hawa, sai gabana ya faɗi. Likita ya gargaɗe ni kada in riƙa bin kowace lamba da allura, domin allura a kan allura kafin ta farko ta gama aiki ita ce hanya mafi sauri zuwa faɗuwar sukari. Ya ce abin dubawa shi ne salon da ke maimaita kansa dare bayan dare, da kuma yawan lokacin da mutum ya yi tsakanin 70 da 180, wanda ake so ya wuce kashi 70 cikin 100 na yini.

Akwai kuma abubuwa biyu da na'urar ba za ta taɓa nunawa ba, sai da hannun likita da tambayarsa suka tono su. Ya taɓa cikina ya sami wani kumburi mai tauri a gefen dama na cibiya, inda na shekara ina yin allura saboda wurin ya daina zafi. Ya ce kitse ne ya taru a wurin, kuma insulin da aka zuba a cikinsa ba ya shiga jini daidai, yau ya yi sauri gobe ya yi jinkiri. Sannan ya tambayi inda nake ajiye maganin. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, ba tare da ya daskare ba, wanda aka buɗe kuma yakan yi kimanin mako huɗu idan zafi bai yi masa yawa ba. A garin da wuta kan yi kwana biyu ba ta zo ba, na koma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ina sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta.

Hukuncina a kan wannan na'ura shi ne ta cancanci kuɗinta a matsayin kayan bincike na mako biyu, musamman ga mai allurar insulin da safiyarsa ta ƙi gyaruwa, ko mai farkawa da gumi da mugayen mafarkai da ciwon kai, ko wanda ya daina jin alamun faɗuwar sukari. A matsayin abin ɗaurawa kullum kuwa, buhun shinkafa biyu a wata ya fi ƙarfin albashina da na yawancin mutanen da muke haɗuwa a layin asibiti. Wanda ba shi da hali yana iya samun kaso mai kyau na wannan ilimi da tsinken gwaji uku a dare: ɗaya lokacin kwanciya, ɗaya tsakanin ƙarfe 2 da 3, ɗaya da asuba, na tsawon darare huɗu ko biyar, tare da rubuta duk abin da ya shiga baki komai ƙanƙantarsa. Idan na tsakar dare ya yi ƙasa, allurar yamma ta yi yawa ko lokacinta bai dace ba. Idan yana daidai sannan na asuba ya hau, tashin asuba ne ko maganin ya ƙare da wuri. Idan tun kwanciya yana sama bai sauko ba, a duba tuwon dare da allurar da ta raka shi. Raunin wannan hanya shi ne tana ɗaukar hoton lokaci guda ne kawai, kuma ni da kaina na taɓa gwada ta da ƙarfe 3 na ga 170, na ɗauka sukarin bai taɓa sauka ba, alhali ramin ya wuce tun ƙarfe 1:20.

Wata uku bayan gyaran, gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku, ya sauko daga kashi 8.9 zuwa 7.6 cikin 100, kuma likita yana so mu kusanci 7. Mun shirya da shi zan sake sayen guda ɗaya in ɗaura kwana uku kafin azumi, domin sahur yana faɗowa ne daidai sa'o'in da hantata take zuba sukari, kuma yana so ya ga zanen makon farko kafin ya yanke yadda za a raba allurar tsakanin buɗa baki da sahur. Ya riga ya rubuta mini a bangon littafina cewa in karya azumi idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, kuma uwargida ta fara ware kuɗin na'urar daga cefane tun watan Rajab.